Sabon bugun D&D ya fito, mu kuwa littafi ɗaya muka saya

Tun da kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da sababbin littattafan Dungeons & Dragons, tambaya ɗaya masu sha'awar wasan suke yi mini: wanda yake da na 2014, dole ne ya jingine su ya sayi na 2024? Mun gwada haɗa tsoho da sabo a teburinmu na tsawon watanni. Abin da na gani shi ne kamfani ba shi da ikon tilasta wa kowa. Idan tilas ta zo, daga abokan wasanka take fitowa, ko daga manhajar da ka damƙa wa littattafanka.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba: mutum huɗu ko biyar ne suke zagaye tebur, kowa da jarumin da ya ƙirƙira a takarda, ɗaya kuma shi ne jagora, mai bayyana gari da daji da dodannin da ke ciki. Ka faɗi abin da jaruminka zai yi, ka jefa ƙwaya irin ta ludo amma mai fuska ashirin, lambar da ta fito ta yanke ko ka ci nasara. Babu ko sisi a ciki. Na kan faɗi wannan da wuri, domin duk dattijon da ya leƙo ya ga ana jefa ƙwaya, caca ce take fara faɗo masa a rai.

A Ingila na koyi wasan lokacin karatu, na dawo Kaduna da littattafan nan uku na bugu na biyar, wato na 2014: na 'yan wasa, na jagora, da na dodanni. Su muka yi ta murza shekara da shekaru, har bayan na 'yan wasan ya fara sakin takardu. Sai aka saki sabon littafin 'yan wasa a Satumban 2024, na jagora a Nuwamba, na dodanni kuma a Fabrairun 2025. Kowanne kusan dala 50. A lokacin dala ta haura naira 1,500, wato ukun sun wuce naira dubu 220 kafin a yi maganar kuɗin kawowa. Da na faɗi lissafin a zaurenmu, babban cikinmu, wanda yake da 'ya'ya a makaranta, ya yi dariya ya ce ai wannan ya san shi: irin littafin makaranta ne da ake sauya wa bango da lambar shafi don kada ƙani ya gaji na wa. Muka bar maganar a nan, muka ci gaba da abinmu.

Ƙanin wani abokinmu ne ya sake tayar da ita. Yaron a intanet ya koyi wasan, daga bidiyoyi da dokokin kyauta da kamfanin ya ɗora, kuma duk na sabon tsari ne. Ya zo da jaruminsa a shirye, mayaƙi mai gatari. Ana cikin faɗa na farko ya sari wani dodo, sai ya ce da ni, "Yaya, ya jefa ƙwaya mana, in bai ci ba ya faɗi ƙasa." Na ce ina ka samo wannan? Ashe a sabon littafin kowane makami yana da wata ƙwarewa ta musamman da mayaƙa suke amfani da ita: wani ya kayar da abokin gaba, wani ya rage masa sauri, wani ya tura shi baya. Tsohon mayaƙinmu da ke zaune kusa da shi, mai irin wannan gatarin, ba shi da ko ɗaya. Bai ce komai ba, amma fuskarsa ta faɗa.

Kamfanin ya ce sabon ya dace da tsohon, shi ya sa ma bai kira shi bugu na shida ba. Akwai gaskiya a ciki. Ƙwayar ita ce dai, lissafin hari da kariya bai sauya ba, siffofin jarumi shida, irin su ƙarfi da basira, suna nan yadda suke. Labaran kasada da aka buga tun 2014 na ci gaba da jagorantarsu da sababbin jarumai ba tare da na gyara wani abin kirki ba. Matsalar tana cikin ƙananan abubuwa, kuma suna da yawa. Sihirin warkar da rauni da a da ake jefa masa ƙwaya ɗaya, yanzu biyu ake jefawa, suna kuma ɗaya ne a littattafan biyu. Wanda aka yi wa kwanton ɓauna a tsohon tsari yakan rasa zagayensa na farko ɗungurungum. A sabon, baya kawai yake komawa a layin wanda zai fara. Ƙarin ƙarfi ko basira da jarumi yake samu daga irin halittarsa, mutum ne ko aljanin daji da sauransu, ya koma kan tarihin rayuwarsa. Wasu rukunan jarumai, kamar matsafa, da suke zaɓar reshen da za su ƙware a kai tun suna mataki na ɗaya ko na biyu na ci gabansu, yanzu duk sai mataki na uku. Ko wanne a cikinsu ba wani babban abu ba ne, amma idan mutum biyu suka kira sihiri ɗaya kowa da nasa lissafi, rabin dare a gardama yake ƙarewa, jagora kuma ya koma alƙali maimakon mai ba da labari.

Wannan ne darasin da ya fi zauna mini. Ana iya haɗa tsohon labari da sabuwar doka, ana iya saka tsohon dodo gaban sabon jarumi, amma tebur ɗaya ba ya ɗaukar littafin 'yan wasa iri biyu. Dole a zauna a zaɓi ɗaya tun kafin kowa ya ɗauki fensir.

Wanda ya san tarihin wasan zai ga cewa sauyin 2024 mai sauƙi ne. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a 1974 a ƙarƙashin kamfanin TSR, a jihar Wisconsin ta Amurka. Wizards ya sayi TSR a 1997, kamfanin kayan wasa na Hasbro kuma ya sayi Wizards a 1999. Bugu na uku a 2000 ya juya lissafin kariya: a da ƙaramar lamba ce ta fi kyau, sai ya zama babba. Shekara uku kacal bayan haka aka fito da 3.5, mutane suka ga littattafan da suka saya jiya sun tsufa. Na huɗu a 2008 kuwa kusan wani wasa ne daban mai tsohon suna. A nan ne 'yan wasa suka nuna cewa akwai inda za su je. Tun 2000 Wizards ya ba da wani buɗaɗɗen lasisi da ya halatta wa wasu su yi amfani da ginshiƙin dokokinsa. Kamfanin Paizo ya ɗauki dokokin 3.5 ya gyara, ya fitar da wasan Pathfinder a 2009, masu ƙin sabon bugu suka yi ƙaura can da tsofaffin littattafansu, har aka yi shekarun da Pathfinder ya sha gaban D&D a shagunan wasanni na Amurka. Akwai kuma waɗanda ko can ba su je ba, har yau dokokin shekarun 1980 suke bugawa, kuma ana sayar da waɗancan tsofaffin littattafai a intanet.

Ba kowane kamfani ne ma yake rushe gini in zai yi gyara ba. Wani wasa irin wannan, Call of Cthulhu na kamfanin Chaosium, ya fito tun 1981, kuma da ya kai bugu na bakwai, babban aikin mai tsohon labari shi ne ya ninka siffofin jarumai sau biyar. Na taɓa jagorantar wani tsohon labarinsa da sababbin dokoki, a gefen shafi na yi lissafin da fensir kafin baƙi su gama shan shayi.

Inda tilas ta gaskiya take shi ne a manhaja. Hasbro ya sayi D&D Beyond a 2022, shafin da mutane da yawa suke ajiye jarumansu kuma suke sayen littattafai a cikinsa. A Agustan 2024 shafin ya sanar cewa zai maye gurbin tsofaffin sihirai da kayan tsafi na takardun jarumai da sababbi. Jama'a suka yi ca, cikin 'yan kwanaki aka janye, aka bar wa mutane zaɓi. Kafin nan, a Janairun 2023, an yi irin wannan hayaniya da labari ya fita cewa kamfanin yana shirin soke tsohon lasisin nan. Ƙarshe ya ja da baya, ya ma saki ginshiƙin dokokin bugu na biyar a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba a iya janyewa. Sau biyun duk 'yan wasa ne suka yi nasara, amma ni abin da na ɗauka daban ne: littafin da ke cikin manhaja ana iya sauya masa shafi kana barci, na takarda kuwa sai dai gara ko ruwan sama. Mu dama da takarda muke wasa saboda wutar lantarki da tsadar data, don haka daga nesa muka kalli rigimar.

Akwai wata tilas ɗin mai laushi, wadda ta fi aiki a hankali. Duk sabon ɗan wasa da zai zo daga yanzu, sabon tsari zai koya, domin shi ne a bidiyo, shi ne a shago, kuma sababbin labarai a kansa ake rubuta su. Teburin da ba ya karɓar baƙi zai iya zama a 2014 har abada. Namu kuwa yana karɓa, mutane suna tafiya hidimar ƙasa ko aiki ya ɗauke su Abuja, wasu suna zuwa. In na nace a kan tsohon, kowane sabon yaro sai na fara kankare masa abin da ya koya.

Shi ya sa muka yi karo-karo muka sayi sabon littafin 'yan wasa guda ɗaya, wani da zai dawo daga tafiya ya riƙo mana. A gidana yake kwana, amma na kowa ne. Muka ƙarasa labarin da muke ciki da tsofaffin dokoki, yaron nan ya haƙura da kayar da dodanni na ɗan lokaci, sannan da muka buɗe sabon labari kowa ya gina jaruminsa da sabon tsari. Wanda ya ji daɗi fiye da kowa shi ne tsohon mayaƙin nan. Babbanmu kuwa ya so jarumi ruwa-biyu, rabi mutum rabi aljanin daji, wanda sabon littafin ya cire. Muka ɗauko shi daga tsohon muka ɗan daidaita, ba wanda ya yi ƙorafi. Dole in faɗa kuma, sabon littafin ya fi tsari. Ya fara da koyar da yadda ake wasan kafin ya shiga gina jarumi, yana da jerin ma'anar dokoki a ƙarshe, baƙo yana gane shi da wuri.

Littafin jagora ban saya ba, kuma ba ni da niyya. Galibinsa shawarwari ne da kayan tsafi, ni kuma na riga na saba da nawa. Na dodanni ne nake ta jinkiri a kansa. Sababbin jarumai sun fi na da ƙarfi, musamman a matakan farko, tsofaffin dodannina suna faɗuwa da wuri. A yanzu dai ina ƙara musu jini da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ko in ƙara dodo ɗaya a kowace arangama, kuma 'yan wasan ba su lura ba. Idan muka kai manyan matakai na ga dabarar ta daina aiki, sai mu sake karo-karo.