Tsakanin Teburi da Kicin

Da na fara sabis a wani gidan abinci mai teburi 14 a Kano, na ɗauka ɗaukar tire shi ne aikin. Ashe tire kwana uku ya ishi mutum ya iya. Inda ake shan kunya shi ne wurin karɓar oda, domin kusan duk farantin da aka dawo mini da shi, tun a bakin teburi aka yi kuskuren, ba a kicin ba.

Kastoma zai ce maka, "Kawo shinkafa." Idan ka juya da wannan kawai, ka ɗebo ruwan dafa kanka. Fara da miya yake nufi, ko jalof, ko shinkafa da wake da mai da yaji? Naman sa, kaza ko kifi? Yanka nawa? Mai tuwo kuma sai ka ji malmala nawa, na shinkafa ko na masara, miyar kuka ko taushe ko kuɓewa. Lemo mai sanyi ko marar sanyi. Ina rubutawa da lambar teburi a sama, sannan in maimaita masa da bakina: "Alhaji, tuwon shinkafa malmala biyu, miyar taushe, nama yanka uku, ruwan gora ɗaya marar sanyi ko?" Ba ya cin minti ɗaya. Idan mutum biyar ne a teburi, kowace kujera ina ba ta lamba a takarda, daga wadda ke kallon ƙofa in zagaya ta dama, don kada in dawo da tire ina tambayar "na wa ne kifi?"

Kafin a buɗe ƙofa nakan shiga kicin in tambayi mai girki abin da ke akwai da abin da ya kusa ƙarewa, in sake leƙawa bayan azahar. Babu abin da ke ɓata wa mutum rai kamar ya jira minti goma, ya riga ya sa rai da farfesun kayan ciki, sannan a zo a ce ya ƙare.

Akwai tambayoyin da ba a amsa su da ka. Mai gyambon ciki zai ce a rage masa yaji, alhali miyar a tukunya ɗaya aka yi ta tun safe, attaruhu ya riga ya shiga. Gaskiya ake faɗa masa, a nuna masa wani abin. Haka wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa: miyar taushe akwai gyaɗa, yajin tsire akwai ƙuli-ƙuli. Idan ban tabbatar ba, sai na koma kicin na tambaya, don wannan ba maganar ɗanɗano ba ce, lafiyar mutum ce.

Tire kuwa, mai nauyi a tsakiya, kwanon miya ta ɓangaren da ke jikinka, kwalabe a kwance ko ka yi musu sawu na daban. Faranti huɗu ne iyakata. Na biyar shi ke jawo ɓari. Ruwan wanke hannu da sabulu su riga tuwo isa teburi, in ba haka ba malmalar za ta huce tana jiran buta. Da hannun dama ake ajiye wa mutum abinci, babba kafin yaro, kuma babban yatsa ba ya shiga cikin faranti. Takalmi ya zama mai roba a ƙasa, saboda bakin ƙofar kicin kullum da maiƙo.

Azumi shi ne jarrabawar ɗan sabis. Odar yini guda takan haɗu a cikin minti ashirin. Dabino da ruwa da kunu da ƙosai su hau teburi kamar minti goma kafin kiran sallah. Abinci mai nauyi kuma ba na fitar da shi nan take, domin da yawa da sun sha ruwa masallaci suke nufa. Oda nake karɓa kafin su tashi, in miƙa kicin, ana sallame sallah ana zubawa. Wanda ya yi gaggawa, sai ya kwashe faranti takwas ya mayar a ɗumama.

Sai kuɗi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 taransifa ta zama ruwan dare, kuma da ita masu alat na bogi suka yawaita. Hoton rasit a wayar kastoma ba shaida ba ce. Sai kuɗin ya bayyana a na'urar POS ko wayar shago. Nakan ce, "Hajiya, a ɗan yi haƙuri ya shigo," in miƙa mata tsinken sakace da tishu, in tsaya kusa. Idan sabis ɗin banki ya tsaya, manaja nake kira ya yanke hukunci, domin duk giɓin da aka samu wurin lissafin dare daga albashin ɗan sabis ɗin da ke kula da teburin ake cirewa. Shi ya sa takardun odata ba na yar da ko ɗaya sai an rufe lissafi, a aljihun gaba nake tara su, na ɗaure da kyauro.