Wa ke iya jira ba albashi?

A kamfanin wallafa littattafai da nake aiki, ina cikin masu duba takardun matasan da ke neman gurbin koyon sana'a: masu zane, masu ɗaukar hoto, masu son zama editoci. Abin da wannan kujera ta koya mini shi ne, muna cewa baiwa muke nema, amma yawanci gogewa muke aunawa, ita kuwa gogewa kuɗi ke sayo ta. Yaron da zanensa ke ƙyalli ya taso da kwamfuta a ɗakinsa, an biya masa manhaja, wani na gida ya gyara masa takardar neman aiki. Wanda ya yi nasa a wayar aro, bayan ya taso daga aikin dare, nasa ba zai yi wannan kyan ba ko da ya fi shi ido.

Amma shingen da ya fi tsayi shi ne lokaci. Fim, jarida da wallafa sun daɗe da al'adar ɗaukar matasa su yi watanni suna aiki kyauta, ko a kan ladan da bai taka kara ya karya ba, a birane masu tsadar haya irin su Landan da New York. Wa zai iya wannan jira in ba wanda iyayensa suka ɗauke masa ci da kwana ba? Sauran babu mai korarsu. Da kansu suke janyewa su kama aikin da zai riƙe su, daga baya a ce ba su da naci. A 2013, da tsofaffin masu koyon aiki suka maka kamfanin mujallu na Condé Nast a kotu kan ƙarancin lada, sai kamfanin ya rufe shirin gaba ɗaya. Ba abin mamaki ba ne da binciken gidauniyar ilimi ta Sutton Trust na 2019 ya gano cewa kashi 44 cikin ɗari na masu rubuta sharhi a jaridun Birtaniya sun yi makarantun kuɗi, alhali kusan kashi 7 ne kawai na jama'ar ƙasar suka yi su.

Launin fata kuma wani mataki ne a kan wannan. A Amurka, binciken masana tattalin arziki Bertrand da Mullainathan da ya fito a 2004 ya aika takardun neman aiki a Boston da Chicago, ana sauya suna kawai. Masu sunan farare sun fi masu sunan baƙaƙe samun kiran ganawar aiki da kusan kashi 50 cikin ɗari. A 2015 da 2016 duka 'yan wasa 20 da aka tsayar takarar lambar yabon fim ta Oscar a kowace shekara farare ne. Sana'armu ma ba ta tsira ba: ƙididdigar kamfanin wallafa littattafan yara na Lee & Low ta 2019 ta nuna kashi 76 na ma'aikatan wallafa a Arewacin Amurka farare ne.

Abin da alƙaluma ba sa nunawa, wanda na ji da kunnena a ɗakin taro, shi ne yadda ake yanke hukuncin. Babu mai ambaton fata ko talauci. Cewa ake yi "ba zai saje da mu ba", ko "masu saye ba za su gane wannan ba". Kowa ya gyaɗa kai, a wuce takarda ta gaba.

Wanda ya samu ya shiga ma, akan ɗaure shi a turke ɗaya. Akwai wata matashiya baƙar fata da muka yi aiki tare, gwana ce wajen zana injina da taurari, littattafan kimiyya na yara take so. Amma duk bangon littafin da ya shafi bautar da bayi, gudun hijira ko yunwa, teburinta ake kai wa, wai ita za ta fi jin abin a jikinta. Masu yin haka gani suke karrama ta suke yi. Littattafan kimiyyar kuwa, waɗanda suka fi kawo kuɗi da aiki mai ɗorewa, wasu ake ba, har ta gaji ta koma zana tallace-tallace.