Ramin da buhun siminti ya fito

Jiya a wajen mai shayi ana ta ƙorafin tsadar buhun siminti, kowa na faɗin albarkacin bakinsa, ni kuwa hankalina sai ya tafi wajen ramin da buhun ya fito. Shekara shida na yi ina riƙe wa safiyo sanda a wani kwarin dutsen siminti, wato ramin da ake fasa dutsen da ake yin siminti da shi, ba zan kama suna ba dai, amma abin da na gani ya isa in yi magana.

Mutane sun ɗauka aikin kwari shi ne a dasa nakiya a tarwatsa dutse a loda wa tifa, shi kenan. Ina! Kafin katafila ta taɓa ƙasa sai an yi wata da watanni ana huda rami siriri kamar na burtsatse ana zaro dutsen a jera shi cikin akwati a kai a gwada, don a san kaurinsa da zurfinsa da kuma ko yashi ya yi masa yawa, saboda murhun da ke gasa shi zafinsa yakan kai digiri 1,450 kuma ba ya son a riƙa canza masa haɗi yau wannan gobe wancan. Daga nan ake zana yadda za a ci ramin hawa-hawa kamar matakala, da hanyar da tifa za ta bi, da inda ruwan damina zai taru a zuƙe shi. Mu a arewa ba baƙon abu ba ne, Kalambaina ta Sakkwato tun 1967 take fitar da siminti, ga Ashaka a Gombe, ga Malbaza can jihar Tawa a Nijar.

To amma inda nake so mu tsaya shi ne ƙasar sama. Wannan baƙar ƙasar da ba ta wuce kamu ɗaya zuwa biyu ba, wadda gero ke ci, ita ya kamata a fara kankarewa a tara ta gefe ita kaɗai, tudun kada ya cika tsawo, a shuka masa ciyawa don kar ruwa da iska su kwashe. Ranar da aka gama cin wani ɓangare sai a cike shi da tarkacen dutse, a kwantar da gangaren, a shimfiɗa ta a kai. A takarda haka yake, har dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta ce sai ka kawo tsarin gyara wurin da yarjejeniya da mutanen gari kafin ka fara haƙa.

A wajenmu kuwa wallahi da idona na ga ɗan kwangila ya sa direban katafila ya haɗe baƙar ƙasar da jar ƙasa da tsakuwa duk wuri ɗaya, wai dizal ya yi tsada ba zai yi sawu biyu ba. Wani dattijo da gonarsa ta shiga cikin filin yana tsaye yana kallo, ya duƙa ya damƙi ƙasar ya murza a tafin hannu ya ce da ni, "Yaro, takin shanun kakana ne wannan kuke binnewa." Na ce Baba ni ɗan aike ne, a yi haƙuri. Me zan ce? An biya shi diyya kam, amma kuɗin ko shekara ba su kai ba.

Kuma fa gyara irin wannan wuri abu ne mai yiwuwa. A Bamburi kusa da Mombasa ta Kenya, wani masanin noma ɗan Suwizalan mai suna René Haller ya fara gyara tsohon kwarin kamfanin siminti a 1971, fili fari fat ba ko ciyawa. Ya gwada itatuwa iri-iri, ƙalilan suka rayu, cikinsu har da kasuwarina mai ganye kamar allura, sai ya kawo ƙadandoniya mai jan ƙafa ya sake su suna cin ganyen da ya zubo suna kasayar da taki. Ƙadandoniya fa, wadda muke takewa da damina! Yau wurin daji ne har da dorina da raƙumin dawa, mutane na biyan kuɗi su shiga kallo. Wanda kuma yake son ganin akasin haka ya zaga Jos da Bukuru ya ƙirga kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa.

Bara da na je gaisuwar rasuwa na bi ta tsohon wurin aikinmu. Ɓangaren gabas ya cika da ruwa kore shar, bangonsa a tsaye kamar an yanka da wuƙa, ba shinge ba allon gargaɗi, yara uku na ta tsalle suna faɗawa ciki. Tudun ƙasar da aka cakuɗa yana nan inda katafila ta bar shi, ba abin da ya fito a kansa sai tumfafiya.