Asabar a titunan Pompeii

Da sassafe na hau jirgin ƙasa daga Napoli a ƙasar Italiya na sauka a tashar Pompei Scavi. Pompeii garin Rumawa ne da dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya binne da toka da tsakuwa a shekara ta 79 Miladiyya, kuma sai a 1748 aka fara tono shi.

Titunan ne suka fi tsaya mini a rai. An shimfiɗe su da manyan baƙaƙen duwatsu, ga gurbin ƙafafun amalanke nan ya ci dutse ya yi zurfi. A tsakiya an dasa duwatsu masu tudu na tsallakawa, saboda ruwan sama da ƙazanta ta titi suke gudu, aka kuma bar tsakani daidai yadda amalanke za ta wuce. Wanda ya tsara wannan ya san wahalar mai tafiya a ƙasa.

A titin Via dell'Abbondanza na daɗe gaban wani shagon abinci. Kanta ce da aka binne randuna a cikinta, talaka da ba shi da madafi a gida nan yake zuwa ya saya, kamar masu abinci a bakin tashar mota a gida. Can gaba wurin wankin Stephanus ne, inda ma'aikata ke tattaka tufafi da ƙafa a cikin ruwa da fitsari. Aiki ne mai wuya, na tausaya musu ƙwarai. A gidan burodi na ga dutsen niƙan da jakuna ke juyawa. A wata tanda ma an tarar da burodi 81 sun zama gawayi. Jikin bango kuwa rubutun neman ƙuri'a ne da jan fenti, har masu burodi sun rubuta ɗan takarar da suke goyon baya.

Da la'asar na isa lambun da aka samu mutum 13, har da yara, sun faɗi suna ƙoƙarin tserewa. Giuseppe Fiorelli, masanin tono kayan tarihi, shi ne a 1863 ya fara zuba farar ƙasa a ramukan da gawawwaki suka bari cikin toka, siffarsu ta fito. Ban iya ɗaukarsu hoto ba, mutane ne.

Ƙafafuna sun yi tsami. Gobe in Allah ya kai mu zan je Herculaneum, wani garin da dutsen ya binne, can har katako da gadaje sun tsira.