Sauron harabar gida: ruwa za ka fara nema

Sauro ba ya hayayyafa sai da kwantaccen ruwa, kuma ko cikin murfin kwalba ya ishe shi. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kwana 7 zuwa 10 ne a lokacin zafi, shi ya sa zagayen duba harabar gida na mako-mako ne, ba na wata-wata ba.

Ka kife bokitai da gwangwanaye, ka huda tsohuwar taya, ka kwashe ganyen da ya toshe indararo. Amma zubar da ruwa kaɗai ba ya wadatarwa, nan ne ma aka fi yin sakaci. Sauron Aedes, mai yaɗa zazzaɓin dengue da cutar shawara, yana manna ƙwansa a jikin mazubi dab da saman ruwa. Ƙwan kan yi watanni a bushe, ruwa na taɓa shi sai ya ƙyanƙyashe. Saboda haka ka dirje cikin mazubin da burushi da sabulu.

Tanki da duro a rufe su ruf. Ruwan da ba ya zubuwa ka sa masa Bti, wani magani da ake yi daga ƙwayar bakteriya, yana kashe tsutsar sauro ba tare da cutar da kifi ko dabbobi ba. Feshi kuwa manya yake kashewa, kafin mako ya zagayo wasu sun taso.