Abin da farantin ƙwayoyin kansa ya koya min

Wata takwas na yi ina renon ƙwayoyin kansar nono a ɗakin gwaji lokacin da nake mastas, irin waɗanda ake kira MCF-7, asalinsu daga jikin wata mata aka ciro su a Detroit ta Amurka a 1970, kuma har yau suna nan suna hayayyafa a ɗakunan gwaji na duniya. Aikina shi ne in gwada ruwan da na tatso daga ganyen sabara da ɓawon marke in ga ko zai rage musu saurin yaɗuwa.

Yadda ake yi, za ki zuba ƙwayoyin a wani faranti mai ramuka 96, ki sa a inkubeta mai zafin 37 kamar jikin mutum, su kwana su manne a ƙasan ramin, washegari ki ɗiga maganin ki bar su kwana biyu ko uku, sannan ki zuba wani ruwa rawaya da ake kira MTT. Ƙwayar da ke da rai ita ke mayar da shi shunayya, kamar launin jar albasa, wadda ta mutu kuwa ba ta iya komai. To in rami ya fito fayau ba launi, an kashe su ke nan.

Gwajina na farko ramukan da na fi zuba wa sabara suka fito fayau, wallahi har hannuna rawa yake lokacin da na ɗauki farantin zuwa ofishin malamina. Ya duba ya duba, sai ya ce da me kika narkar da shi? Na ce da DMSO Malam, wato sinadarin da muke narkar da abin da aka tatso daga tsirrai a ciki. Ya ce kashi nawa ya kai a cikin ramin? Na zauna na lissafa a gabansa, kusan kashi 5 cikin ɗari, alhali mu a ɗakin ba a wuce rabin kashi ɗaya saboda shi kansa DMSO ɗin in ya yi yawa guba ne ga ƙwayoyin. Kuma ban ware ramin da zan sa DMSO zalla ba ganye ba. Da na sake, na ware wannan ramin, shi ma ya fito kusan fayau. Sati uku na aiki suka tafi, na yi kuka ranar ba zan ɓoye ba, amma tun daga nan ban ƙara haɗa faranti ba sai na fara zana ramukan kwatance a takarda, na DMSO, na ƙwayoyi kawai, da na doxorubicin, jan maganin nan da ake sa wa masu kansa a asibiti.

Darasi na biyun ya fi min nauyi. Bayan na gyara komai marke ya nuna yana rage su da gaske, sai Malam ya ce yanzu ki gwada a kan Vero, ƙwayoyin ƙodar biri ne da ba na kansa ba. Su ma suka mutu, kusan daidai da na kansar. Ya ce min ko ruwan bilic kika ɗiga a faranti zai kashe kansa tas, abin da muke nema shi ne wanda zai kashe ta ya bar mai ita.

Ni fa ban raina tsirrai ba, ko kaɗan. Vincristine da ake ba yara masu kansar jini daga wata fulawa 'yar Madagaska aka samo shi, irin wadda ake shukawa a ƙofar gidaje nan wajenmu. Taxol, shi ma maganin kansa ne, daga ɓawon bishiya aka samo shi, an ɗebo ɓawon a 1962 amma sai 1992 aka amince a fara ba marasa lafiya, shekara talatin ana tacewa ana gwada shi a dabbobi sannan a mutane ana neman adadin da jiki zai iya ɗauka. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an rubuta wai an gano ganye kaza na maganin daji, alhali a faranti kawai aka gwada, farantin da ba hanta ba ƙoda ba jini.

Ana cikin haka gwaggona ta kira ni ɗaki a wani biki, ta kama hannuna ta ɗora a gefen nononta na hagu, ƙullutu ne mai tauri kamar goro, ta ce wata biyar ke nan ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce 'yar nan, an ce sabara kike bincike a kai, in dafa in riƙa sha? Na ce a'a Gwaggo, abin da na gani a faranti bai kai in ce ki sha ba, kuma kowane wata da ya wuce abin ƙara kama wuri yake. Ta ce tsoron yanka take. Na ce ɗan kaɗan za su fara ɗiba da allura su duba tukuna, ni zan raka ki. Ranar Litinin da sassafe na bar farantina a inkubeta na roƙi wata abokiyar aikina ta zuba min MTT in lokaci ya yi, muka tari adaidaita ni da ita.