Yada Zango a Zariya Saboda Zafin Man Giya

A watan Afrilu, lokacin da zafin bazara yake kusantar digiri 40, na taso daga Funtuwa da lodin waken suya a bayan motata, Chevrolet Silverado mai giya otomatik wadda aka shigo da ita daga Amurka, da niyyar wucewa Jos ta Zariya. Har na wuce Giwa da Shika lafiya lau, amma da na shiga cunkoson Samaru zuwa Kwangila, sai ma'aunin zafin man giya ya haura digiri 100, motar kuma ta fara nauyi wajen canza giya. Da hawan Jos a gabana, ban ga dalilin yin kasada ba, sai na karya kan mota zuwa wani gareji a Sabon Gari.

Bakaniken dattijo ne mai natsuwa. Ya kwanta ƙarƙashin motar, ya bi bututun nan biyu da suke kai mai wurin sanyayawa a gaban lagireto su dawo da shi, ya kwance wani ɗan akwati na alminiyom da ke jikin giya, sannan ya zazzage abin da ke ciki a kan tsumma: ɗan ƙarfe mai kaki a cikinsa, da sifirin, da zoben roba.

"Alhaji, ga mai laifin," in ji shi. "Don ƙasashen sanyi aka yi shi."

Bayaninsa ya gamsar da ni. Ɗan ƙarfen nan bawul ne, wato abin da ke buɗe wa mai hanya ko ya rufe ta. Yana hana mai zuwa wurin sanyayawa, yana mayar da shi cikin giya ta gajeriyar hanya, har sai zafi ya kai wajen digiri 88, inda kakin zai kumbura ya buɗe ƙofa. Wannan dabara ce mai kyau a inda ƙanƙara take zuba, domin mai idan ya yi sanyi yana yin kauri. A nan kuwa, man yana fara samun iska ne bayan ya riga ya ɗau zafi, kuma zafin da ya daɗe shi ne yake ƙona mai, ya busar da robobi, ya cinye farantan kuloci.

Na ce, "To Baba, a cire shi mana gaba ɗaya." Ya girgiza kai. Idan aka bar akwatin fanko, gajeriyar hanyar ce za ta zauna a buɗe, mai kuma ya fi son inda babu turjiya, ke nan an ƙara ɓata lamarin. Abin da ya dace shi ne a toshe gajeriyar hanyar, a tilasta wa man zagayawa ta wurin sanyayawa a kowane lokaci. Hakan ya yi da toshiyar da aka ƙera don wannan aiki, ya sa sabon zoben roba, ya wanke ƙura da ƙaiƙayin da suka liƙe a gaban lagireto, sannan ya auna man yayin da injin yake aiki, ya cike gurbin wanda ya zuba. A ganina wannan wankin bai gaza toshiyar muhimmanci ba. Ya kuma gargaɗe ni cewa da asubahin hunturu in bar motar ta ɗumama kafin in ɗora mata nauyi.

Bayan la'asar na kama hanyar Maigana da Soba, na bi ta Pambeguwa zuwa Saminaka, inda na kwana. Washegari da hantsi na fuskanci hawan da ke bayan Jengre da lodina cif, giya tana shiga ba gardama, ma'aunin kuma bai kai digiri 90 ba har na shiga Jos.